Danshin Legas da rigar hawan Kawu

Duk wanda ya zauna a hawan ƙasa a Agege ya san layin nan da ke zagaye bango. Daga daɓe zuwa wajen ƙugun mutum fenti ya kumbura, ka taɓa da yatsa ya zubo, ƙarƙashinsa wani farin gari. Baƙon da ya zo daga Arewa zai ce rufi ne ke yoyo. Ba rufi ba ne, ruwan daga ƙasa yake hawowa. Gidan da muke haya an gina shi tun ba a damu da shimfiɗa leda tsakanin fandisho da bulo ba, kuma duk sanda aka gyara titin gabanmu sai an ƙara masa tudu, har ƙasar waje ta fi daɓen ɗakinmu bisa. Lambatu ya cika a watan Yuni, bulon ƙasa ya sha ya miƙa wa na samansa. Farin garin nan gishiri ne da ruwa ya bari bayan ya bushe.

Mai gidan ya ce in gyara, za mu yi lissafi daga baya. Maman Abba ta ce in gyara ko ta tafi Kano da yara sai rani. Na ga maganar tata ta fi ta mai gida ƙarfi, na nemo birkila.

Aikin a baki ba shi da wuya. A sassaƙe tsohuwar filasta har bulo ya fito, a wuce layin danshin da kamar ƙafa ɗaya, a bar bangon ya sha iska. A yashe lambatun waje, a yi wa gindin bango daɓe mai gangare don ruwa ya riƙa gudu. Sannan a kwaɓa sabuwar filasta mai ƙarfi: buhun siminti mai kilo 50 kwano biyu ne, a ba shi kwanon yashi 8, a zuba hodar hana ruwa ƙunshi ɗaya a kowane buhu. Yashin kuma ya zama mai tsabta, ba wanda aka kwaso da gishirinsa daga bakin ruwa ba, don in ka yi filasta da wannan ka sayo ciwon da kuɗinka. Bayan an shafe a yi ta yayyafa ruwa har mako guda, a ƙyale shi kamar wata ɗaya ya bushe kafin mai fenti ya matso.

Haka birkilan ya tsara mini, yana magana yana zana a ƙasa da tsinke, har na ji ina sonsa. Ranar aiki kuwa ya ajiye mini yara biyu ya ce yana da wani aikin a Ikorodu. Tifa ta sauke yashi, ƙura ba ta kwanta ba samarin da ake kira omo onile suka bayyana, wai kuɗin ƙasa. Na ce ni ɗan haya ne, filasta nake yi. Suka ce yashin ai a kan ƙasa aka zuba shi. Ban sami amsar wannan ba, na biya. Ina can ina ciniki da su yaran suka kwaɓa, na dawo na tarar ana lissafin kwano na 14 a buhu ɗaya. Na tambayi babbansu, ya ce haka ya fi laushi a hannu. Hodar hana ruwa kuwa na gan ta da yamma a kan taga, ko ɓare ta ba a yi ba.

Mai tayil ɗan Kwatano ne, shi kam ya iya aiki, lissafinsa ne kawai ke da kumburi. Ɗakin ƙafa 12 ne da 12, wato murabba'in mita 13 da ɗoriya. Tayil mai santimita 60 da 60 guda huɗu ne a kwali, kwalin yana rufe mita 1.44, saboda haka kwali 10 ya isa, a ƙara ɗaya don yanka da fashewa. Ya rubuta mini 15. Na je kasuwar Orile da kaina na sayo 11, muka rabu lafiya, sai dai ya daina gaishe ni da fara'a.

Mai fenti ne ya ƙarasa ni. Filasta ba ta yi mako ba ya ce ta bushe, ya ɗora tafin hannu ya nuna mini. Ya shafa mai sheƙi, irin wanda ke rufe bango ruf, ruwan da ke ciki ya rasa ta inda zai fita. Kafinta ya zo ya kafa sabuwar wadirob jikin wannan bangon daidai, ba ko ratar yatsa huɗu da ake bari don iska, bayanta kuwa falankin nan ne siriri mai shan ruwa. Ɗaki ya yi kyau. Maƙwabta suka yi ta shigowa kallo.

Cikin masu kallon har da Kawu.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, fataucin goro ya kawo shi Agege tun yana saurayi, kamar yadda ya kawo kakannin Hausawan unguwar da yawa. A wannan shekarar hakimin garinmu, can gaba da Kano kaɗan, ya aiko cewa za a naɗa shi wata sarauta ta 'yan kasuwa. A garinmu rawanin naɗi daga fada yake fitowa, amma kayan da mutum zai sa washegari ya hau doki ya zaga gari ya je gaisuwa, wannan aljihunsa ne. Kawu kuwa ba ya wasa da aljihunsa, ba ya kuma wasa da idon jama'a, don haka ya fara shiri tun da sauran watanni.

Farar shadda Getzner yadi 10 aka yanko a kasuwar Balogun, ta riga da 'yar ciki da wando. Wani maɗinki Bazazzagi ya zauna mata da allura ya yi mata aska takwas, aikin hannu, tun daga aljihu har ya zagaya kafaɗa ya sauka a baya. Wanda bai sani ba zai ce ai keke ma yana yin wannan. Juya rigar ka duba ciki: aikin keke layinsa ɗaya ne santal, na hannu kuwa za ka ga inda zare ya ƙare aka ɗaura wani. Daga Kano aka aiko da alkyabba mai ruwan madara, bakinta da aikin zare mai walƙiya, da falmara, da jar dara. Sai kuma abin da Kawu ya fi ji da shi, rawani ɗan Kura.

Ɗan Kura ba farin harsa ba ne da za ka wanke ka shanya. Ƙyalle ne da aka saƙa siri-siri aka harhaɗa, aka rina da baba har ya yi baƙi, sannan aka buga masa shuni har ya ɗauki walƙiya. Shunin a kansa yake zaune, shi ya sa in ka riƙe shi yatsunka za su gaya wa mutane. Ba a wanke shi, ba a barin ruwa ya gan shi, ba a haɗa shi da farin kaya. Mai sayarwa ya naɗo shi a takarda ya ɗaure, kuma da dalili. Kawu ya so a yi masa kunne biyu in an zo naɗawa, sai da wani dattijo ya ja shi gefe ya tuna masa cewa a ƙasar Kano kunne biyu na sarki ne da 'ya'yan sarki, shi goro ya gada. Ya haƙura, amma ya ce a sakar masa amawali sosai.

Ranar da ya ga wadirob ɗina ya buɗe ya rufe, ya shaƙi ƙamshin sabon katako.

"Kai ɗan nan, gidana jikoki sun yi yawa. Nan kayan za su zauna."

"Kawu, ɗakin bai gama bushewa ba."

"Ga fenti yana ƙyalli ka ce bai bushe ba? Ko ba ka so ne?"

Wa zai ce ba ya so? Aka jera kaya. Maman Abba, don ƙarin kariya, ta zura kowanne a leda ta ƙulle, ta watsa kafur. Kafur asu yake kora da kyankyaso, ba ruwansa da danshi. Leda kuwa a Legas ba ta hana danshi shiga, fita take hana shi.

Ana saura kwanaki kaɗan tafiya Kawu ya aiko a duba masa kaya. Tun kafin in buɗe ƙofar wari ya riga ni. Bayan wadirob ya kumbura ya yi baƙi, fentin da ke bayansa ya tashi ɓawo-ɓawo. Falmara ta yi fumfuna kore-kore a hammata. Alkyabba ta samu ɗigo-ɗigo a kafaɗa, zarenta mai walƙiya ya dushe. Babbar riga, da yake tana tsakiya, warin kawai ta ɗauka da 'yan tabo a gefen hannu. Ɗan Kura na cikin takardarsa a can sama, lafiya lau.

Wanda ya cece ni wani tsoho ne mai wanki da guga a bayan masallacin unguwa, mutumin da ya shekara yana wanke kayan alhazai. Ya hana a jiƙa komai. Ya ce fumfuna in ta ji ruwa shiga take yi cikin zare. Ya fitar da kayan waje, ya juya su bai-bai, ya bari rana ta busar da fumfunar tukuna, sannan ya kakkaɓe da buroshi mai laushi, yana bin tsawon zare. Inda tabo ya ƙi, ya ɗiga ruwan tsami da aka sirka a farin ƙyalle ya dinga dannawa, ba gogewa ba. Alkyabba ya goge ta ta ciki, da tawul a ƙarƙashi don kada dutsen guga ya kwantar da aikin. Riga kuwa ya ce ba guga take so ba, bugu take so, don sheƙin shadda a bugu yake dawowa. Aka kai wa masu bugu, suka ɗora ta a kan gungume suka yi ta lafta mata har ta dawo tana ƙara in an taɓa. Ya naɗe komai a tsohon farin zanen gado, ya ce kada in ƙara nuna musu leda.

Kawu bai ji labari ba. Ya bi jirgi ya yi gaba don karɓar baƙi, ya bar mini kaya da iyali: ni, Maman Abba, yara uku, da Inna, uwargidansa, wadda ta ce ita ba ta shiga abin da ba ya tsayawa a yi salla.

Muka ɗauki shatar Sienna. Tafiyar ta haura kilomita 1,000, don haka aka ce a fita bayan asuba a wuce Berger, mafitar Legas, kafin gari ya waye, in ba haka ba doguwar gadar nan ta wajen Kara za ta cinye mana safiya. Da asubar kuwa aka fara fito da kaya. Burodin Agege na tsaraba, buhun garin kwaki, akwatunan mata, kular abinci, sai kwandon goron Kawu da za a raba wa mahalarta, an lulluɓe shi da ganyen fita. Goro ne kaɗai a motar nan yake son danshi, kuma shi Inna ta ce lallai a sa a ciki kusa da ita, kada iska ta busar da shi. Jakar kayan sarauta na ɗora ta a kan komai a but, na ce kada ko allura a ɗora mata.

Mun wuce Ibadan, mun wuce Ife, lafiya. Wajen Owo mata suka hango manja a bakin titi.

"Baban Abba, a tsaya. A Kano wannan ninki biyu ne."

Aka sayi jarka biyu. Manja yana da hali: in an cika jarka har wuya, zafi ya bugi mota, sai ya kumbura ya nemi hanya ta murfi. Masu ɗaukarsa kan rage kamar yatsa uku a sama, su sa leda a bakin kafin su murɗa murfi, su tsayar da jarkar a inda ba za ta kwanta ba. Waɗannan an cika su fal, don mai sayarwa ta nuna mana ita mai yalwar hannu ce. Na dubi jarka, na dubi jakar Kawu, na ce wallahi ba za su kwana ɗaki ɗaya ba. Direba ya ce manja ba ya hawa sama, in ya zubo har gilashi. Saboda haka jaka ce ta hau.

Ɗaurin kaya a saman mota shi ma da ƙa'idarsa. Ana shimfiɗa tamfol a ƙasa tukuna, a ɗora kaya, a naɗo ɓangaren gaba ya rufo zuwa baya, ta yadda bakin zai kalli bayan mota, iska ta riƙa danne shi. Direbanmu ya rufa daga baya zuwa gaba, baki yana kallon hanya, ya ja igiya ya ce ko guguwa. Sama tas take a lokacin, ban yi gardama ba. Ɗan Kura kuma, da nake riƙe da shi a cinya tun Agege, Abba ya fara ɓare takardar yana leƙawa, uwarsa ta karɓe ta cusa a jakar kafin a ɗaure, ta ce can ya fi aminci.

Tsakanin Okene da Lokoja hadari ya haɗo. Ruwa ne irin wanda ke sa manyan motoci su kunna fitila da rana. Ina jin tamfol yana kaɗawa a samanmu, fat-fat-fat, na ce direba ya tsaya. Ya ce nan ba wurin tsayawa ba ne, kuma gaskiyarsa. Inna tana jan carbi, hannu ɗaya a kan kwandon goro. Da muka isa Lokoja aka tsaya cin abinci, na hau taya na leƙa. Tamfol ya zama kwari, ruwa ya kwanta a ciki, jakar tana tsakiya. Na taɓa gefenta na ji sanyi. Ban buɗe ba. Akwai labarin da gara mutum ya ji shi a ƙoshe, kuma kusa da gida.

A Abuja muka kwana, a can na buɗe. Takardar ɗan Kura ta narke. Alkyabba da falmara suna ƙasa cikin zanen gado, ɗan jiƙa kawai suka yi. Babbar riga ce a sama, ita ta karɓi baƙon. Daga kafaɗar hagu zuwa tsakiyar aska takwas shuni ya malale, wani wuri baƙi, wani wuri shuɗi, gefe-gefe yana ɓacewa a hankali kamar taswirar da ɗan firamare ya zana. Maman Abba ta ce a sa bilic. Bilic zai cinye sheƙin, ya raunana zaren aikin, ya bar rawaya a inda shuɗi yake. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To, manjan dai bai zube ba." Aka duba, bai zube ba kuwa, ko ɗigo.

Da muka shiga Kano ban nufi garinmu ba, na ce direba ya kai ni marinar Ƙofar Mata. Wani marini ya ɗaga rigar ya duba ta a rana, bai tambaye ni yadda aka yi ba, da alama ba ni ne farau ba. Ya ce fari dai ya tafi, sai a bi shuni a ƙarasa abin da ya fara. Ruwan karofi baba ne da toka da kanwa, an bar su sun ruɓa. Ana tsoma riga a ɗaga ta sha iska, a mayar, a ɗaga. Tana fitowa kore-kore, iskar ce ke juyar da ita shuɗiya a gaban idonka. Yawan tsomawa shi ne duhun launi, kuma tunda tabon ya yi duhu, dole a kai sauran rigar inda yake. Aka haɗa da 'yar ciki da wando don kada su saɓa. Aka shanya, rana ta Kano ta yi aikinta ba tare da an roƙe ta ba, aka miƙa wa masu bugu. Rawanin ma suka karɓa, suka busar, suka sake buga masa shuni.

Daren naɗi na kai wa Kawu kaya. Ya kwance zanen, ya yi shiru. Ya ɗaga hannun riga, ya juya aska takwas, wadda yanzu ita da rigar duk launi ɗaya ne, sai in haske ya bugi zaren ka gan ta.

"Ɗan nan, fara na ba ka."

"Ranka ya daɗe, fara ce. Hanya ce ta yi tsawo."

Wani aminin Kawu da ke zaune ya karɓa ya shinshina, ya ce rabonsa da ganin rinin karofi a jikin mai sarauta tun yana yaro, yanzu kowa fari, kowa fari, sai ka ce ɗaurin aure. Ya tambayi nawa aka kashe. Kawu ya gyara zama ya ce ai abu in za a yi, a yi na asali.

Washegarin naɗi ya hau. Zafi ya taso, gumi ya haɗu da ɗan Kura, kafin a kai ƙofar hakimi goshin Kawu da gemunsa sun yi shuɗi, kuma haka ake so, don ta nan ake gane na gaske ne. Maroƙa suna ta kirari, ni ina gefe riƙe da kwandon goro ina rabo, sai waya ta yi ƙara. Mai gidanmu ne daga Agege. Ya ce ya leƙa ta taga ya ga tayil da fenti, gida ya zama na zamani, don haka daga sabuwar shekara haya ta ƙaru. Na ce bangon fa ya sake ɓarewa a bayan wadirob. Ya ce shi daga taga bai hango nan ba.